Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Muryata Ke Fashewa a Rikodi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon ɗaukar sauti da kwamfuta da makirfo ɗaya. Muryata tana fashewa, kuma akwai wani gunji a ƙarƙashinta. Ina mafita? — Wani ɗalibi, Tawa, Nijar.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Matsala biyu ce. Fashewar daga ƙarfin shigar sauti take: da ya taɓa 0 dB (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne, 0 kuma ita ce iyakarsa ta sama a manhaja) ya lalace, babu manhajar da za ta mayar da shi yadda yake. Ka rage shi har muryarka mafi ƙarfi ta tsaya tsakanin -12 da -6 dB. Ka bar santimita 15 zuwa 20 tsakanin bakinka da makirfo, ka ɗan kauce gefe don iskar "b" da "f" kada ta doke shi.

Gunjin kuwa yawanci na wutar lantarki ne, wadda ke tafiya a 50 Hz (wato kaɗawa 50 a daƙiƙa) a Nijar. Zare cajar kwamfutar ka ɗauka da batir. In ya yi shiru, ka gano mai laifi. Ka raba wayar makirfo da wayoyin wuta, ka sayi ta XLR (wayar makirfo mai ƙafa uku da ke rage gunji) in da hali. A Audacity, manhajar gyaran sauti wadda kyauta ce, ka yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz.

Zafin Tawa sai da fanka, amma kashe ta dole ne lokacin ɗauka. Jingina katifa a bango don rage amsa-kuwwa, sannan ka ajiye aikin a WAV (nau'in fayil da ba ya rage ingancin sauti), ka zaɓi 48 kHz a saitin ɗauka, ba MP3 ba.