Modem mai wayar girke: kira ba ya shiga, ba ya fita, amma intanet lafiya lau

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon fotokofi da buga takardu a kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram. Na sayi modem irin na ajiyewa bisa tebur, mai cin katin SIM, wanda yake da ramin jona wayar girke a bayansa, domin lamba guda ta ishe ni intanet da kiran abokan ciniki. Da farko komai yana tafiya daidai, amma tun da wani yaro ya taɓa mini shi don ya ƙara sauri, idan na danna lamba sai layin ya yanke, masu nemana kuma suna cewa ba sa samuna. Yaya zan saita shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Tun kafin in ga na'urar, zuciyata ta fi karkata ga cewa yaron nan ya kulle ta ne a kan 4G zalla, kuma wannan dabara ce da masu gyara suke yawan yi da kyakkyawar niyya, domin ta hana modem sauka zuwa 3G a duk lokacin da rezo ya yi rauni. Abin da ba a faɗa maka ba shi ne, 4G hanya ce da aka gina don ɗaukar bayanan intanet kawai, ba ta da irin layin murya na 2G da 3G. Murya tana bi ta 4G ne idan kamfanin layin ya buɗe fasahar da ake kira VoLTE, kuma na'urarka ta dace da tasa. In ba haka ba, duk lokacin da kira ya zo ko za ka yi kira, dole modem ya bar 4G ya sauka 3G ko 2G, a yi magana a gama, sannan ya koma sama bayan ƴan daƙiƙu. Wanda ya kulle shi a 4G ya toshe masa wannan matakalar, shi ya sa intanet yake gudu amma wayar ta kurumce ta fuska biyu.

Gyaran ba ya bukatar ko sukundireba. Ka jona kwamfutarka da modem ɗin, ka buɗe manhajar shiga intanet, ka rubuta adireshin da yake manne a ƙarƙashinsa tare da sunan shiga da kalmar sirri. A yawancin na Huawei adireshin 192.168.8.1 ne, da dama daga na ZTE kuma 192.168.0.1. Ka nemi sashen saitin rezo, wanda a na'urori masu Faransanci ake rubuta masa "Mode réseau", ka cire shi daga 4G zalla ka mayar da shi "Automatique", ka adana, sannan ka kashe na'urar ka kunna. Idan akwai maɓallin VoLTE a shafin, ka gwada kira yana kunne, ka sake gwadawa yana kashe, ka bar shi a inda kiran ya fi shiga.

Ka san kuma da abin da zai biyo baya, don kada ka ɗauka wata sabuwar matsala ce. Idan modem ya sauka 3G, murya da intanet suna tafiya tare, sai dai saurin ya ragu. Idan kuwa 2G ya sauka, intanet yakan tsaya cak har a ajiye waya. Don haka in kana tsakiyar aika wa wani ɗalibi takardunsa ta intanet sai wayar ta yi ƙara, kada ka yi mamakin ganin aikin ya daskare. A ganina wannan ɗan jinkiri ya fi sauƙi a kan asarar abokin ciniki da ya kira sau uku bai same ka ba.

Idan ka yi wannan kuma kira bai dawo ba, sai ka cire katin ka sa shi a wayar hannu, domin a nan ne za a gane ko laifin na layi ne ko na modem. Ka tabbatar katin ba na intanet zalla ba ne, kuma akwai kuɗin kira a ciki, domin forfe na intanet ba ya biyan kira mai fita, ko layin Airtel ne ko Moov Africa ko Zamani ko Niger Telecoms. Daga nan ka danna *#21# don ka ga ko an karkatar da kiranka zuwa wata lamba. ##002# yana soke duk wata karkatarwa, *#33# yana nuna ko an hana kira mai fita, *#35# kuma na mai shigowa ne. Ka ƙara da *43# domin a sanar da kai kira na biyu yayin da kake kan na farko. Waɗannan saituna a wurin kamfanin layi suke zaune, ba a cikin waya ba, saboda haka za su bi katin idan ka mayar da shi modem. Ka cire masa lambar PIN kafin ka mayar, in ba haka ba duk ɗaukewar wuta sai ya tsaya jiran a buɗe shi.

Saura ita wayar girken. Igiyarta tana shiga ƙaramin ramin da aka rubuta wa TEL, ba manyan ramukan LAN ba. A gefenta ko a ƙarƙashinta akwai wani ɗan makunni mai haruffan T da P: ka ajiye shi a T, domin yawancin modem ba sa gane tsohon salon bugun lamba na P. Na taɓa shafe kusan awa guda a kan irin wannan ƙorafi a wani ofis, ina ta bincike a shafin saiti, ashe makunnin ƙarar wayar ne aka tura zuwa kashe lokacin goge ƙura.

Tambaya: Malam, ni ƙaramin modem ne da ni mai shiga ramin USB. Masu kirana suna cewa ana ɗauka amma ba sa jin kowa, ni kuma ban ga komai a kwamfuta ba.

Amsa: Ƴar'uwa, alama ce ta an saita modem ɗin ya riƙa amsa kira da kansa. Wannan gado ne daga umarnin AT, wato gajerun umarnin da kwamfuta take rubuta wa modem, da kamfanin Hayes ya fito da shi a 1981: ATS0=1 yana sa modem ya ɗauka bayan ƙara guda, ATS0=0 kuma yana hana shi. Mai gyara zai iya aika masa na biyun ta manhajar tasha (terminal), wadda ake rubuta wa modem umarni kai tsaye da ita, amma sai ya fara rufe manhajar modem ɗin, irin su Mobile Partner, domin manhaja biyu ba sa riƙe ƙofa guda ta magana da modem a lokaci ɗaya. Sai dai da yawa daga waɗannan ƙananan modem an rufe musu ɓangaren murya tun daga masana'anta, kuma idan babu alamar kira a manhajar naki, ya fi miki sauƙi ki bar wannan katin ga intanet, ki ba mutane lambar wayarki ta hannu.