Tsohuwar wiskin hatsi: ganga ce ke yin aikin

Ka tambaye ni jiya bayan mun rufe kanta, wai me ya sa kwastoman nan ya tsallake Glenfiddich, wadda single malt ce, ya nemi kwalbar Cambus mai shekara 30, wadda single grain ce, alhali kai an koya maka single malt, wato wiskin tsiron sha'ir zalla daga masana'anta guda, ita ce babba, grain kuwa, wato wiskin hatsi, ta cike kwalba ce kawai. To ƙanena, zauna ka ji.

Ita single grain a dokar Sikotland ta 2009, daga masana'anta guda take fitowa, amma galibi ba tsiron sha'ir zalla ba ne, ana haɗa shi da alkama ko masara, kuma yawanci ba a tukunyar jan ƙarfe ake tace ta ba, a doguwar na'urar nan ce da Aeneas Coffey ya yi wa rajista a 1830, wadda ke aiki ba tsayawa har ruwan ya kai kusan kashi 94 cikin ɗari na barasa. Ka ga kenan yana fitowa fes, ba nauyi, ɗanɗanon hatsin ma da kyar ka ji shi. Shi ya sa 'yar shekara 3 ko 5 ba ta da wani armashi, ita ake zubawa a su Johnnie Walker a gauraya da malt.

Amma ka bar ta shekara 25, 30, 40 a ganga ka gani. Tunda ita ba ta zo da wani hali mai ƙarfi nata ba, duk abin da katakon ya ba ta karɓa take yi, kuma galibi gangunan da Amurkawa suka gama ajiye wiskinsu na bourbon ne a ciki, don su dokarsu ta ce sai sabuwar ganga da aka babbake cikinta, to sai su sayar wa Sikotland da tsofaffin. Daga nan ƙamshin vanila da kwakwa da tofi ke zuwa, wani lokaci har da ɗan warin fenti a farko wanda ke gushewa in ta sha iska. Ni da hanci nake gane wannan, ba sai na kai baki ba, masu haɗa wiski a can ma da hanci suke yawancin aikinsu.

Kuma ajiyar nan ba kyauta ba ce, kowace shekara wajen kashi 2 cikin ɗari na bin iska, in ƙarfinta ya sauka ƙasa da kashi 40 ma ba a yarda a kira ta wiski ba. Ita masana'antar Cambus an rufe ta tun 1993, wata masana'antar grain ɗin mai suna Carsebridge tun 1983, duk gangar da aka zuba a kwalba ba ta da magaji. Duk da haka kuɗinta bai kai na malt mai shekarunta ba, wallahi ni nan nake ganin wayon kwastoman naka.

In ya dawo kar ka cika masa kofi da ƙanƙara, kar kuma ka miƙa masa Coke sai in shi ya nema. Ƙaramin kofi mai tsukakken baki, ruwa a gefe, ka ba ta minti goma. In ya ce zai sayi kwalbar ya ajiye ta ƙara tsufa, gaya masa a kwalba ba ta ƙara ko kwana ɗaya.