Amsa kan Tarantelle ta Chopin

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa Tarantelle ta Chopin, mai tsara kiɗa ɗan Poland, take gudu ba numfashi, ba kamar sauran kiɗansa na piyano masu sanyi ba.

Asalinta rawa ce ta kudancin Italiya, ta yankin garin Taranto. Mutanen can sun yi imani cewa wanda gizo-gizo mai dafi ya ciza ba zai warke ba sai ya yi ta rawa, ana kaɗa masa ƙaramar ganga mai ƙararrawa, har gumi ya fitar da dafin. Wannan gaggawar ce Chopin ya kawo kan piyano a 1841, lamba Op. 43 a jerin ayyukansa, a ma'aunin bugu 6/8 (bugu shida a kowace gaɓa), bayan ya ji waƙar La Danza ta Rossini, mai tsara kiɗa ɗan Italiya.

In za ka sake saurare, bi hannun hagu. Shi ne yake riƙe da bugun gangar, ba ya sassautawa, hannun dama kuwa yana ta juyawa a samansa. Kusan minti 3 ne kacal. A ganina masu koyo suna yawan ɓata ta da danne feda (abin da ake takawa da ƙafa don tsawaita sautin piyano), sautin ya cakuɗe. Fara da sannu, yatsu a sake, sai bugun ya zauna kafin ka ƙara sauri.