Tambaya da Amsa: Naira a Kasuwar Kurmi a 1955?

Tambaya: Ina bin wani shiri mai dogon zango wanda aka ce labarinsa ya faru a Kano a shekarar 1955. A wata fitowa na ji mai sayar da goro a kasuwar Kurmi ya ce naira biyu, sai kakana ya yi tsaki ya bar ɗakin, yana cewa ba haka zamaninsu yake ba. Shin yana da gaskiya, kuma waɗanne abubuwa ne ya kamata masu shirin su kiyaye? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, kakanki ya fi su gaskiya nesa ba kusa ba, domin ba a fara kashe naira ba sai ranar 1 ga Janairun 1973, wato shekara goma sha takwas bayan lokacin da labarin ya ɗauka. A 1955 da fam da sule ake ciniki. Kwabo goma sha biyu ne sule ɗaya, sule ashirin kuma fam ɗaya, sannan akwai sisi mai kwabo shida, da taro mai kwabo uku, da ɗari wanda yake rabin kwabo, har zuwa anini, wanda sai an tara goma suke zama kwabo. Kwabon ma da huda a tsakiyarsa, shi ya sa ake iya zura shi a zare. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yi mini ciwo, saboda gyaransa ba ya cin ko sisi. Tambayar dattijo ɗaya a bakin masallaci ta wadatar, kuma ɗan wasan da ya ce "taro da kwabo" ya riga ya mayar da mai kallo wancan zamani tun kafin a duba rigarsa.

Bayan kuɗi sai sunayen hukuma. Babu Jihar Kano sai 1967, saboda haka babu gwamnan Kano, sai Lardin Kano mai Razdan da Di'o, wato Turawan mulki, da kuma En'e, wato hukumar gargajiya, a ƙarƙashin Sarki Muhammadu Sanusi, wadda take da 'yan dokarta da gidan yarinta. Tuta mai kore da fari da kore ba ta hau sama ba sai 1 ga Oktoban 1960, don haka tutar Ingila ce ya kamata a gani a gaban ofis. Idan an nuna mota kuwa, to a hannun hagu za ta bi hanya, sitiyarinta yana dama, domin sai a Afrilun 1972 aka koma tuƙi a hannun dama.

Talabijin ba shi da wurin zama a falon kowa a wannan labari, tun da a Ibadan aka fara shi a 1959, ya iso Kaduna a 1962. Abin da za a ajiye wa mai hali shi ne rediyo ko garmaho, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939. A tsakar gida kuma a kawar da butar roba da leda, a sa tulu da randa da akushi da ƙwarya.

Akwai kuma kuskure na biyu wanda masu kallo ba su cika lura da shi ba, wato a mayar da birnin kamar ƙauyen da bai taɓa ganin ƙarfe ba, a tara wa kowa tsumma da fitilar aci-bal-bal don a nuna wai zamanin da ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, jirgin sama ya fara sauka a 1925, ga dalar gyaɗa jere tana jiran a loda ta zuwa Legas, ga samari a kan keke Raleigh suna gardamar jam'iyyun NEPU da NPC. Attajiri irin Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a wannan shekara ta 1955, a cikin irin wannan birni ya yi kasuwancinsa.

Shawarata ita ce ki lallashi kakan naki ya dawo ya zauna kusa da ke a kashi na gaba, ki riƙe biro da takarda, ki rubuta duk inda ya sake yin tsaki, ki aika wa masu shirin.