Ɗalibaina za su fara rubutu a intanet, ta ina zan ɓullo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar Hausa ce a wata sakandare a Zariya. Ina so 'yan aji biyar su iya rubutun bayani, su kuma koyi ladabin mu'amala a intanet. Kwamfuta biyu gare mu, sai wayoyin iyaye. In buɗe musu shafi a Facebook su riƙa sa rubutunsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara basira. Kada ki fara da Facebook. A can abin da ya fi zafi shi ke tara jama'a, yaro kuwa da zarar ya gane haka sai ya ajiye bayani ya kama neman yabo. Ki fara da Google Docs, wato dandalin Google na rubuta takarda a intanet. Kyauta ne, yana aiki a wayar Android, kuma ana iya saita takarda a yi ta rubutu ko babu data.

Ki buɗe wa kowane rukuni na yara huɗu ko biyar takarda ɗaya. Wurin "Share", ki ba masu takardar izinin gyara, sauran 'yan aji kuma izinin sharhi kawai. Ladabin da kike nema a nan ake koyonsa, domin dole kowa ya faɗi ra'ayinsa a kan aikin wanda gobe za su zauna benci ɗaya. Ki kafa doka tun ranar farko: ba a cewa "wannan shirme ne". Mai sharhi ya nuna jimlar da bai gamsu da ita ba, ya tambayi inda aka samo ta.

Batun madogara shi na fi so ki matsa a kai. Yaro zai rubuto miki: "Kasuwar Kurmi ta fi kowace kasuwa a duniya." Wannan kirari ne. Ki mayar masa har sai ya kawo irin wannan: "Kasuwar Kurmi tana cikin birnin Kano, an kafa ta a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15." Sannan ki tambaye shi a wane littafi ya gani, shafi na nawa. Wanda ya saba da wannan tambaya a aji, shi ne zai tsaya ya yi tunani kafin ya tura jita-jitar da ta shigo masa ta WhatsApp.

Masu kwafe fa? A kwamfuta ki buɗe "File", ki shiga "Version history". Za ki ga wanda ya rubuta me, da ƙarfe nawa. Idan sakin layi uku suka faɗo cikin minti ɗaya, mai yiwuwa an ɗebo su ne daga wani wuri. Ki nuna wa yaron allon ku biyu kawai, kada ki tozarta shi a gaban aji.

Bayan zango ɗaya, waɗanda hannunsu ya faɗa za su iya gwada Wikipedia ta Hausa, inda ƙa'ida ta ce bayani sai da madogara. Su yi rajista da laƙabi, kada su sa cikakken suna.

Tambaya: Wani uba daga Maraɗi yana cewa malamin 'yarsa ya ce ta haɗo rubutunta da hoto. Akwai haɗari?

Amsa: Akwai, Alhaji, amma yana da magani. Waya tana iya liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi. Ka shiga saitin kyamara ka kashe alamar wuri kafin ta ɗauka. Ta ɗauki abin da take bayani a kai, ko rini ne ko masaƙa, ban da fuskarta, bajen makaranta ko ƙofar gida. In za a ga wani a hoton, ta nemi izininsa tukuna. Kada kuma ta sauko da hoton wani daga Google ta ce nata ne. A Wikimedia Commons, wani rumbun hotuna na intanet, akwai hotunan da aka yarda a yi amfani da su, yawanci da sharaɗin a ambaci mai hoton a ƙasa.