Amsa ga mai tambaya kan tsamin bakin ɗanta

'Yar'uwa, kin ce ɗanki ya shekara 3 amma "luwa" yake cewa maimakon ruwa, "tale" maimakon kare, har surukarki na so a kai shi wurin wanzami a cire masa beli. Don Allah kada a taɓa masa baki. Beli ba shi da hannu a wannan, kuma cire shi kan jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Na daɗe ina koyar da ƙananan yara, da wuya ki ga wanda bai yi irin wannan tsamin bakin ba.

Sautuka ba tare suke zauna wa yaro a baki ba. Tun 1941 masanin harshe Roman Jakobson ya yi bayanin cewa na leɓe da na gaban baki ne ke fara fitowa, irin su m, b, d, t. Shi ya sa mama da baba da dada suke riga komai. Shi k a can bayan harshe ake furta shi, sai yaro ya jawo shi gaba ya koma t. Ita kuwa r tana cikin na ƙarshe a harsuna da yawa, balle mu da muke da iri biyu, ta "ruwa" daban, ta kaɗa harshe a "tara" ta ƙirga daban. Ga kuma ƙ da ts, su ma sai a hankali.

Abin da ya fi damuna a kullum shi ne kunne, domin shi ke riga baki. A 1984 masu bincike Janet Werker da Richard Tees sun gano a Kanada cewa jariri ɗan wata 6 zuwa 8 yana bambance sautukan harshen da bai taɓa ji ba, amma kafin ya cika shekara kunnensa ya karkata ga harshen gida. To ki gwada shi. Ki nuna masa ruwa ki ce, "Luwa ne?" Yawancinsu sai su ɓata rai su ce, "A'a, luwa!" Yana jin bambancin sarai, harshen ne bai kai ba tukuna.

Kada ku riƙa kwaikwayonsa, ki kuma hana yayyensa yi masa dariya. In ya ce "luwa", ki ce, "To, ga ruwa," shi ke nan.

Amma in ba ya waiwayowa idan an kira shi ta baya, ko kunnensa na zubar da ruwa, ko ya kai shekara 4 baƙo bai fahimtar maganarsa, ki kai shi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro a auna jinsa.