Allurar ƙari: wacce ake sakewa, wacce ba a sakewa?

Tambaya: Likita, wani ma'aikacin asibiti ya ce min da rigakafin korona yana aiki, da ba a ce mu dawo allurar ƙari ba. Ya ce shi ma bai koma ba. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, maganar nan ta fi yi min ciwo da ta fito daga bakin ɗayanmu. Idan aka yi maka rigakafi, jikinka yana haɗa sinadaran kariya, yana kuma ajiye wasu ƙwayoyin garkuwa masu riƙe kamannin cutar. Sinadaran nan suna raguwa a hankali, ita kuma ƙwayar korona tana sauya kama, kamar yadda nau'in Omicron ya ɓullo a ƙarshen 2021. Allurar ƙari tunatarwa ce ga jiki. Ko bayan kariya daga kamuwa ta ragu, kariya daga kwanciya asibiti da mutuwa ta fi daɗewa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aikatan da ke mu'amala da marasa lafiya cikin waɗanda ya kamata su sake karɓa, tare da tsofaffi da masu ciki da masu raunin garkuwa. Na sha zama da abokan aiki masu ɗari-ɗari, kuma ba taurin kai ba ne. Wani zazzaɓin allurar farko ne ya tsorata shi, wani kuwa tun da ya bar makaranta ba wanda ya sake zaunar da shi ya yi masa bayani. Amma mara lafiya fuskarmu yake kallo kafin ya miƙa hannu. Mai shakka ya je ya tambaya, kada ya sauke shakkarsa a kan wanda ya zo neman taimako.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce. Shekara 12 ke nan da na yi rigakafin ciwon hanta nau'in B. Abokan aiki sun ce ya tashi aiki. In sake?

Amsa: 'Yar'uwa, in kin cika allura uku, aka gwada jininki bayan wata ɗaya zuwa biyu, sinadarin kariya ya kai 10 mIU/mL (ma'aunin yawansa a jini), kuma garkuwarki lafiya take, ba kya buƙatar ƙari ko da adadin ya sauka daga baya. Masu wankin ƙoda ne ake bibiya ana ƙara musu. In ba a taɓa gwada ki ba, yi gwajin yanzu. Kuma duk ranar da allurar da aka yi wa mara lafiya ta soke ki, sanar nan take: maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, ciwon hanta nau'in C kuwa ba shi da rigakafi.

Tambaya: Na yi allurar sarƙe-haƙora biyu a cikina na fari, ban koma ba. Yanzu ina da wani cikin, an ce sai na faro daga farko.

Amsa: Ba a faro wa, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Allura biyar ne: ta biyu bayan mako 4, ta uku bayan wata 6, ta huɗu da ta biyar shekara ɗaya-ɗaya. Taki ta uku ce. Je da katinki, kada ki bari haihuwa ta matso, don kariyar ta samu ratsawa zuwa jaririn.

Tambaya: Katina na rigakafin cutar shawara ya shekara 10. Ya mutu?

Amsa: Bai mutu ba. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, kuma daga Yulin 2016 dokar lafiya ta ƙasa da ƙasa ta daina ƙayyade wa katin shekara 10. Har yanzu akwai ma'aikatan da labarin bai kai musu ba. Adana katinka da kyau, shi ne shaidarka.